Me Mai Gadi Ya Gani a Rabig?

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, ka gyara zama. Akwai wani mai gadi, kawunansa uku, ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya karɓar toshiyar baki. Shekara da shekaru yana tsaye bai ce uffan ba, domin an gargaɗe shi kada ya buɗe baki sai ya ga mutuwa ta tunkaro gidan. Ran nan sai ya kurma ihu. Aka fito a guje, aka duba gaba, aka duba baya. Babu wuta, babu hayaƙi, babu ɓarawo. Aka kai shi wurin waɗanda suka san lafiyarsa, suka auna shi, suka ce garau yake. Aka mayar da shi bakin aiki. Bayan kamar wata biyu ya sake kurma ihu, har ya fi na farko. To, me ya gani?

In ka gaza, al'ada ta ce ka ba ni gari. Kada ka wahalar da kanka, na riga na zaɓa: Rabig nake so. Alhazai sun san sunan. Gari ne a gaɓar Bahar Maliya, arewa da Jidda, dab da Juhfa, mikatin da littattafan fiƙihu suka ambata wa mutanen Sham da Masar da Magrib. A can akwai katafariyar matatar mai haɗe da masana'antar sinadarai, Petro Rabigh, ta haɗin gwiwar Saudi Aramco da kamfanin Sumitomo na Japan. Kamfanonin tsaro da suka fara bayyana lamarin sun ɓoye sunan wurin. 'Yan jaridar E&E News na Amurka ne suka fito da shi a 2019. Mai gadin namu a can yake aiki.

Na'ura ce, sunanta Triconex, mallakar kamfanin Schneider Electric na Faransa. Kowace babbar masana'anta irin wannan tana da kwamfutoci hawa-hawa. A sama akwai na ofis, inda ake aika saƙonni, a yi lissafin albashi da odar kaya. A ƙasa da su akwai tsarin da ke tafiyar da aikin kansa, ya buɗe bawul, ya ƙara wuta, ya rage matsi, ma'aikata na kallo a allo. Can gefe guda kuma, shi kaɗai, akwai tsarin kare rayuka. Shi ba ya sarrafa komai. Nasa sa ido ne a kan zafi da matsi da yoyon iska, in suka haye iyaka ya rufe komai nan take ba tare da neman izinin kowa ba. Duniya ta ga abin da ke biyo baya idan matakan kariya suka gaza: a Disamban 1984 iska mai guba ta ɓalle daga masana'antar Union Carbide a Bhopal ta Indiya cikin dare, dubban mutane suka mutu. Kawuna ukun nan kuma gaskiya ne. A cikin na'urar akwai ƙwaƙwalwa uku masu yin lissafi iri ɗaya a lokaci ɗaya, suna gwada amsar juna. In ɗaya ta kauce, biyun su rinjaye ta. In abin ya rikice har ba a san mai gaskiya ba, na'urar ta tsayar da aiki. Ka riƙe wannan da kyau, zai yi mana rana.

A watan Yuni na 2017, ɗaya daga cikin waɗannan na'urori ta tsayar da wani sashe na masana'antar. Na san abin da ya fara faɗo maka a rai, domin shi ne zai faɗo wa kowa: lalle wani haɗari ne ya taso, bututu ya tsage, ko tukunya ta ɗauki zafi fiye da kima, na'urar ta yi aikinta. Zato ne mai kyau. Sai dai ba a tarar da wani haɗari ba. Aikin yana tafiya daidai har zuwa lokacin da aka katse shi.

To, ko na'urar ce ta lalace? Ka tuna inda take: zafin Hijaz, ƙura, iskar teku mai gishiri, ga aiki dare da rana. Kayan lantarki sukan gaji. Wannan zaton shi aka bi. Aka kira mutanen Schneider, aka ɗauki bayanan na'urar, aka gwada ta, aka ce tana aiki yadda ya kamata. Sai aka ɗora abin a kan wata 'yar matsalar inji, aka tayar da masana'antar, kowa ya koma bakin aikinsa.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin a ganina duk labarin a nan ya juya. An tambayi gwajin abu ɗaya: shin na'urar lafiyarta ƙalau? Ya ce ƙalau. Gaskiya ya faɗa. Amma wannan amsar ai ƙara ɗaure kai take yi. Da an same ta a lalace, da magana ta ƙare. Tunda lafiyarta lau, kuma babu haɗari a fili, ashe akwai abin da ta gani wanda mutane ba su gani ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan tambaya ta biyu ba a bi sawunta ba a Yuni. An rufe fayil.

Ranar Juma'a, 4 ga Agusta, bayan magariba, masana'antar ta sake tsayawa.

Wannan karon abin ya wuce na'ura ɗaya. Bincike ya nuna guda shida ya shafa. Zaton lalacewa ya faɗi ke nan, don na'urori da yawa ba sa haɗa baki su lalace tare. Sai ka ce mini, to, hannun mutum ne. Wani injiniya ya yi kuskure wajen gyara, ko wani mai jin haushin kamfani ya yi ta'asa daga ciki. Ka matso kusa, amma ba ka iso ba. Juma'a ranar hutu ce a Saudiyya, ba lokacin taɓa manhajar na'urorin kare rayuka ba ne. Duk da haka alamu sun nuna an taɓa su. An aika musu da sabon umarni, kuma daga kwamfutar injiniyoyi aka aika, wadda aka ware domin wannan aiki kaɗai. Kwamfutar ta gida ce. Hanyar ta gida ce. Amma wanda ya yi aikin ba a kan kujerar da ke gabanta yake zaune ba.

Cikin waɗanda aka kira akwai Julian Gutmanis, ɗan Ostireliya, masanin tsaron kwamfutocin masana'antu, wanda daga baya ya ba da labarin a taron S4 a Miami a Janairun 2019. Da shi da abokan aikinsa suka shiga tonon wannan kwamfuta. A ciki suka tarar da wani fayil mai suna trilog.exe. Duk injiniyan da ya gan shi zai wuce abinsa, domin akwai manhajar Triconex ta halas mai wannan suna, wadda ake duba tarihin aikin na'urar da ita. Suka buɗe cikinsa. Sunan ne kawai na gida. Abin da ke ciki baƙo ne.

An rubuta shi da harshen Python, an naɗe shi ya yi kama da manhajar Windows ta yau da kullum. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ya iya magana da Triconex. Na'urar tana da yarenta na kanta, TriStation, wanda kamfanin bai taɓa wallafa bayaninsa ga jama'a ba. Wani ya zauna ya warware wannan yare dalla-dalla, har ya rubuta manhajar da ke jin sa. Bai tsaya nan ba. Ya gano wata ɓaraka a manhajar da ke can cikin ƙwaƙwalwar na'urar, samfurin MP3008, ɓarakar da ko masu ƙera na'urar ba su san da ita ba sai bayan wannan lamari. Irin wannan aiki ba na yaro mai gwada sa'a a shagon intanet ba ne. Yana bukatar kuɗi, da lokaci, da na'urar kanta a ɗakin gwaji.

Ta ina ya shigo? Da aka bi sawu baya, sai aka ga tsohon baƙo ne. Alamu sun nuna masu kutsen suna cikin kwamfutocin ofis na kamfanin tun wajen 2014. Tsakanin ofis da masana'anta akwai katangar tsaro da aka gina don ta hana irin wannan ƙetarawa, amma ba a saita ta da kyau ba, sai ta zama mashigi. Daga nan suka riƙa shiga kwamfutocin ciki daga nesa, da irin manhajar da ke ba mutum damar sarrafa allon wata kwamfuta yana wani wuri. Sun yi amfani da Mimikatz, sanannen makamin satar kalmomin sirri, kuma manhajar riga-kafi ta gan shi, ta yi gargaɗi. Ba a bi gargaɗin ba. Haka suka yi ta tafiya, ƙofa bayan ƙofa, har suka iso ta ƙarshe. Ita kuwa wannan, a ƙa'ida, babu mai buɗe ta daga nesa ko da ya fi kowa iya kutse.

Dalili shi ne makulli. Makulli na ƙarfe nake nufi, wanda ake murɗawa da hannu. A jikin kowace Triconex irin wannan akwai shi, da matsayi huɗu da aka rubuta: STOP, RUN, REMOTE, PROGRAM. In yana kan RUN, na'urar tana gadinta, kuma ba ta karɓar sabuwar manhaja daga kowa. Sai an murɗa shi zuwa PROGRAM take buɗe kunne. Waɗanda suka ƙera ta sun yi tunani mai kyau: duk mai son canza mata tunani, dole ya zo da ƙafarsa, ya tsaya a gabanta, ya sa hannu. Ɓarawon da ke wata nahiya ba shi da hannun da zai miƙo.

An bar makullan a kan PROGRAM.

Ba wuya a gane yadda hakan ke faruwa, kuma ban faɗe shi don in ci fuskar kowa ba. Masana'anta ce mai faɗin gaske, akwatunan na'urorin a warwatse, rana na dukan ƙeya. Injiniya ya murɗa makulli yau don ya yi gyara, ya san jibi zai dawo, sai ya bar shi. Jibi ta zama mako, mako ya zama al'ada. A ɗakin kula da aiki akwai gargaɗin da ke nuna cewa na'urar na kan PROGRAM, amma gargaɗin da ido ya saba gani kullum yakan daina zama gargaɗi. Abin da ya sa wannan ya fi ci mini rai shi ne, a duk jerin matakan kariyar nan, shi ne wanda bai bukaci ko sisin kwabo ba.

Yanzu mun san yadda aka shiga. Saura me ake nema. Kuɗin fansa? Babu wanda ya aiko da takardar neman kuɗi, babu fayil da aka kulle. Satar sirrin kasuwanci? Wannan a kwamfutocin ofis yake, kuma sun shekara uku a can. To, ai a fili yake, in ji ka: so suke su tsayar da masana'antar, su jawo asara, kuma sun yi nasara har sau biyu. Wannan zaton ya fi sauran kama hankali. Amma ga abin da ya rushe shi. Masu binciken kamfanin FireEye sun lura cewa masu kutsen sun riga sun kafa ƙafa a tsarin da ke tafiyar da aikin masana'antar. Da tsayar da aiki suke so, da daga nan za su yi shi cikin sauƙi. Me zai sa mutum ya bar hanya mai sauƙi, ya ɓata watanni yana koyon yaren wata na'ura da ba ta sarrafa komai? Me yake so da mai gadi?

So yake ya yi shiru.

Manhajar, wadda FireEye suka raɗa wa Triton da suka bayyana ta ranar 14 ga Disamba 2017, kamfanin Dragos kuma suka kira ta Trisis, an gina ta ne don ta dasa wata ƙofar sirri a cikin ƙwaƙwalwar na'urar. Da ta zauna daram, mai ita zai iya karanta abin da ke ciki, ya canza shi, ya ba da umarnin da ya ga dama, kuma daga lokacin ko an mayar da makulli kan RUN bai dame shi ba. A waje fitilu za su ci gaba da nuna lafiya. Ma'aikata za su ci gaba da shiga tsakanin bututai da natsuwar cewa in wani abu ya taso akwai mai rufe komai. Ran da aka ga dama, sai a tura zafi ko matsi ya haye iyaka ta tsarin da ke tafiyar da aiki, mai gadin kuma a hana shi motsi. A wuri irin wannan, abin da ke biyo baya fashewa ce, ko ɓallewar haidurojin salfayid, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa take kashe jin warin kanta kafin ta kashe mutum. Masu bincike ba su sami umarnin ƙarshe da aka yi niyyar aikawa ba. Ƙofar suka samu. Amma wannan ne karo na farko da aka kama manhajar da aka ƙera musamman domin na'urorin da aikinsu kaɗai shi ne hana mutane mutuwa.

To, ihun fa? Ga amsar kacici-kacicinmu. Tsayawar masana'antar ba nasarar masu kutse ba ce, tuntuɓensu ne. Wajen cusa manhajarsu wani abu ya kuskure musu. Ka tuna kawuna uku masu gwada amsar juna? Da suka gwada, sai lissafin ya ƙi daidaita. Na'urar ba ta san akwai wani abu wai shi ɗan kutse ba, ba a koya mata ba. Abin da aka koya mata ɗaya ne: in kin daina amincewa da kanki, rufe komai. Ta rufe. Abin da mai gadi ya gani ba a tsakar gida yake ba, a cikin kansa yake. Wani yana taɓa masa tunani, shi kuma ya yi ihu tun yana da bakin yi. Manhajar ma an shirya ta yadda in abu ya ɓaci za ta shafe sawunta da bayanan banza, abin da ke ƙara nuna cewa ɓuya ake so, ba hayaniya ba. Sau biyu suna tuntuɓe. Na farko ya wuce musu salin-alin, aka ba su ƙarin wata biyu. Rana dubu ta ɓarawo, ta mai kaya kuwa sai a Agusta ta zo.

Matakan da masana suka fitar bayan wannan ba su da wani sihiri. Makulli ya zauna kan RUN, a zare shi a adana, kuma duk lokacin da aka murɗa shi zuwa PROGRAM ƙararrawa ta tashi wadda sai wani ya amsa da sunansa da dalilinsa. Tsarin kare rayuka ya zauna a hanyar sadarwarsa shi kaɗai, kwamfutar da ke shirya shi kada ta taɓa haɗuwa da ofis balle intanet. In dole ne shugabanni su ga bayanai daga ofis, akwai na'urar da ke barin bayani ya fita amma ba ta barin komai ya shigo. Shiga daga nesa kuma kada kalmar sirri kaɗai ta wadatar, a haɗa da shaida ta biyu. Schneider sun fitar da gyaran ɓarakar, sai dai a masana'anta ba a sabunta manhaja yadda ake yi wa waya, sau da yawa sai an jira babban gyaran da ake tsayar da aiki dominsa, wanda kan ɗauki shekaru kafin ya zagayo. A tsakanin nan abin da ya rage shi ne sa ido a kan zirga-zirgar saƙonni: wa ke magana da na'urar, da wane lokaci, yana ce mata me? Ƙa'idojin IEC 62443 sun tsara yawancin wannan. Ni dai wanda na fi ba nauyi shi ne darasin Yuni. Duk tsayawar da ba a gano dalilinta ba, a sa masanin tsaron kwamfuta cikin masu bincike tun ranar farko, tare da injiniyan inji da na lantarki, kuma a adana bayanan kwamfutoci kafin a taɓa komai. Maganar ta shafi duk inda ake tace mai, daga matatar Lekki har matatar SORAZ ta Damagaram, domin kowacce tana dogara da tsarin tsayar da aiki na gaggawa, ko na wane kamfani ne.

Saura tambaya ɗaya, kuma na ga tun ɗazu tana cin ka. Wa ya aikata?

Iran, ko? Kusan kowa haka ya fara cewa, kuma da hujja. A Agustan 2012 wata manhaja mai suna Shamoon ta goge kwamfutoci kusan 30,000 na Saudi Aramco, jami'an Amurka suka nuna Iran da yatsa. Ta sake dawowa a ƙarshen 2016 da farkon 2017. Ga tsohuwar gaba tsakanin Riyad da Tehran. Ga kuma Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran, ta koya wa Iran cewa ana iya karya ƙarfe da manhaja. Dalili akwai, tarihi akwai. Amma ka dubi hannun aikin. Shamoon ta ofis ce, mai ɓarna a fili, har hoton tutar Amurka tana ci da wuta ta bari a kwamfutocin da ta goge. Wannan kuwa shiru take so. Ba ɗinki ɗaya ba ne.

A Oktoban 2018 FireEye suka fito da abin da suka tattara. Sun bi sawun inda aka riƙa gwada wasu daga cikin kayan aikin masu kutsen. Sun ga rubutu da haruffan Rashanci a cikin fayiloli. Sun ga lokutan da ake aikin sun dace da lokutan ofis a Mosko. Sun ga wani laƙabi da aka manta a cikin wani fayil, wanda ya kai su ga wani mutum mai alaƙa da wata cibiya. Sun ga adireshin intanet da aka yi rajistarsa da sunan cibiyar. Ita ce Babbar Cibiyar Binciken Kimiyyar Sinadarai da Injiniyanci da ke Mosko, mallakar gwamnatin Rasha.

A Oktoban 2020 Baitulmalin Amurka ya ƙaƙaba wa cibiyar takunkumi, Rasha ta musanta zargin. A Maris na 2022 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta bayyana tuhumar da take yi wa wani ma'aikacin cibiyar, Evgeny Gladkikh, aka kuma sa ladan da ya kai dala miliyan 10 ga mai ba da bayani a kansa. Takardar tuhumar ta ce bayan abin da ya faru a 2017, tsakanin Fabrairu da Yulin 2018, shi da abokan aikinsa sun yi ƙoƙarin kutsawa cikin kwamfutocin wani kamfanin Amurka mai matatun mai irin wannan, amma ba su samu shiga ba.